KADA GANIN HADARI YA SA KI ZUBAR DA RUWAN RANDARKI

Yau kuma na zo muku da wata magana wadda na san ba kowacce ce za ta ji daɗinta ba, to amma sai ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, in ya so kowacce ta ɗauki abin da ya yi mata ta bar saura. Maganar kuwa ita ce ta wayar hannu, wato rigimar nan da ake ta yi tsakanin babbar waya ta shafawa da 'yar ƙarama mai madannai.

Duk inda mata suka taru yanzu a ƙasar nan tamu ta Gumel, gidan biki ne ko gidan suna ko wurin awo a asibiti, hira ba ta tashi sai an taɓo waya. Abin da za ki ji kuwa shi ne wai zamanin ƙaramar waya ya wuce, nan da 'yan shekaru ko ta magani ba za a samu ba, kuma duk wadda take riƙe da ita har yanzu to kanta bai waye ba. Har suna aka laƙaba mata na cin mutunci, wai rakani-kashi, saboda 'yar tocilar nan da ke kanta. Abin ya kai ga yarinya tana cikin taro wayarta ta yi ƙara, maimakon ta ɗauka sai ta cusa hannu cikin hijabi ta katse kiran, don kada ƙawaye su ga irin wayar da take riƙewa. Alhali wataƙila mahaifiyarta ce take kira, wataƙila ma ba lafiya ba. Haba jama'a, ina za mu da wannan hali?

Ni dai ga matsayina tun daga farko, babu ɓoye-ɓoye. Babbar waya ba za ta kori ƙarama daga Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar nan kusa ba. Kuma masu kunyata mata a kan haka zalunci suke yi, domin kunyar nan tana cin awakin mata, tana cin adashinsu, wani lokaci har ta ci mutuncin 'ya'yansu. Bari in kawo miki hujjojina ɗaya bayan ɗaya.

DUNIYA RAWAR 'YAN MATA

Ke 'yar budurwa da kika tashi kika tarar da waya a hannun kowa, tambayi mamanki ta ba ki labari. A da in kana da saƙo zuwa Kano sai dai wasiƙa, ko ka ba direba sallahu, ko ka je tasha ka roƙi fasinjan jirgin ƙasa da ke kai da komowa tsakanin Kano da Nguru. A shekarar 2001 ne wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. A lokacin layi kaɗai, ban da wayar, yana kai wa naira 20,000, kira kuma naira 50 minti ɗaya, ko da kuwa sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan talaka ya fara numfashi. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa har ya iso garuruwanmu da ƙauyukanmu.

To a wancan lokaci wa ya kai Nokia? Nokia 3310 da ta fito a 2000, da 1100 mai tocila da ta fito a 2003, su ne 'yan gayu, mai riƙe da su shi ne wayayye. Ita 1100 ɗin nan an sayar da wajen miliyan 250 a duniya. Can kuma sai ga BlackBerry, mai madannai reras kamar haƙoran masara, kowane harafi da gidansa. Wajen 2010 zuwa 2012 duk 'yar makarantar da ba ta da ita a birni kamar ba ta cika mutum ba, har fim 'yan Kudu suka yi a kan haukar da 'yan mata suka yi a kanta. An yi rigima a gidaje, an ci bashi, an yi ƙarya, duk a kan BlackBerry. Yau ina take? Kamfanin ya daina ƙera waya da kansa a 2016, dandalin hirarta na BBM aka rufe shi a 2019, tsofaffin wayoyin kuma aka yanke musu aiki a farkon 2022. Ita ma Nokia sai da ta sayar wa Microsoft sashenta na waya a 2014. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Na san abin da mai gardama za ta ce. Za ta ce to ai kin kashe kanki da bakinki, tun da iPhone ta fito a 2007 wayoyin Android suka biyo ta a 2008 suka binne BlackBerry mai madannai, ita ma ƙaramar haka za a binne ta. Ɗan tsaya 'yar uwa, kada ki yi saurin yanke hukunci. Mu tambayi kanmu tukuna, me ke kashe tsohon abu?

Dubi fitilar ƙwai da a-ci-bal-bal. Sun ɓace daga ɗakunanmu ne saboda fitilar batir ta zo tana ba da haske fiye da nasu, kuma kuɗinta bai kai na kananzir ba. Dubi kaset, memori ya zo yana ɗaukar waƙa da wa'azi ninkin-ba-ninkin a kan kuɗi kaɗan, shi ke nan kaset ya kwanta dama. Haka BlackBerry, tsadarta ɗaya da wayar shafawa amma aikinta bai kai nata ba, to wa zai saya? Amma dubi randa. Firji ya zo shekara da shekaru, randa tana nan a kowane tsakar gida, domin ita ba ruwanta da wuta. Dubi amalanken shanu, mota ba ta hana shi ɗauko gero da riɗi daga gona ba, domin yana bin yashin da mota ke kafewa, kuma ba ya shan fetur. Dubi rediyo, talabijin ba ta kashe ta ba. Ashe ke nan sabon abu yana kashe tsoho ne in ya yi aikinsa duka kuma ya fi shi sauƙin kuɗi. In ya fi shi kyau kawai amma ya fi shi tsada da laulayi, to zaman tare za su yi. Ƙaramar waya 'yar gidan su randa ce, ba 'yar gidan su kaset ba.

ABUBUWA HUƊU DA SUKA TSAYA MATA

Na farko wuta. Ke da kike zaune a Medu ko Madaka ko Zarada, faɗa mini tsakaninki da Allah, sau nawa kike ganin wutar lantarki a mako, in ma turakun sun iso ku? Babbar waya gilashinta ne ke shan caji, ga shi faffaɗa, ga haske, ga abubuwa barkatai suna aiki a ciki ko ba ki taɓa ta ba, shi ya sa da ƙyar take kwana ta wuni. Ƙarama kuwa caji ɗaya sai ta yi kwana uku, huɗu, wata har mako. Da yawansu ma batirin ake cirewa a ba yaro ya kai wa mai caji, a saka wani, waya tana hannunki. Babba kuwa dole ita kanta za ki miƙa, ta wuni a shagon caji cikin hannun samari, da hotunanki da sirrinki duka a ciki. Kuma kullum sai kin biya. Ranar da naƙuda ta tashi da tsakar dare, ko yaro ya kama suma ana neman mai babur, wayar da ke da caji ita ce waya, ba wadda ta fi kyau ba.

Na biyu sabis. Kira da teks da lambobin banki duk suna tafiya a kan ƙaramin sabis, wanda ake kira 2G, shi kuwa ya fi kowanne kai wa lungu. Bidiyo da hotuna su suke son 4G. An fara 5G a manyan birane tun 2022, to amma mu nan akwai garuruwan da sai an fita bayan gari ko an hau tudu sannan magana ta fita sosai. Ki sayi waya mai tsada ki kai ta inda ba sabis ɗinta, kin sayi doki kin ɗaure a ɗaki ke nan. Su kuwa 'yan uwanmu na Maigatari da ke bakin iyaka, masu dangi da abokan ciniki a Nijar, ai kin ga yadda 'yar ƙarama mai layi biyu take yi musu, layin gida a gefe na ƙetare a gefe. Ki shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ki dubi dillalan shanu da raƙuma, mutanen da kuɗi masu nauyi ke ratsa hannunsu, ki ga irin wayar da da yawansu ke kangawa a kunne. Su ba su san babbar ba ne? Sun sani sarai, aiki suke so.

Na uku kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kusan duk wayoyin nan daga waje ake shigo da su, mafi yawa daga Sin. Tecno da Itel da Infinix da kike gani duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen. Da dala ake sayo su. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Farashin waya ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, sabuwar babbar waya mai ɗan dama-dama kuwa ta kai haka ko ta wuce. Kuɗin guda ɗaya sai ya sayi ƙanana biyar ko fiye. Sannan sayen ba shi ne ƙarshe ba, domin babbar waya kamar jaririya ce, kullum bakinta a buɗe. Tana cin data, ga shi a farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Tana cin kuɗin caji, tana son riga, tana son gilashin kariya. Ta faɗi sau ɗaya a kan daɓe fuskarta ta tsage, kuɗin gyaran kaɗai ya sayi sabuwar ƙarama har da canji, wani gyaran ma sai an aika Kano kasuwar Farm Centre. Su kansu kamfanonin ba su daina ƙera ƙananan ba, har Nokia 3310 aka sake fitowa da sabuwarta a 2017. Ɗan kasuwa kuwa ba ya ƙera abin da ba a saye.

Na huɗu hannunmu. Wanda ya ƙera gilashin shafawa bai yi shawara da mai tuƙa tuwo ba. Gilashin nan fatar yatsa yake ji, in hannu da ruwa ko kumfa ko mai sai ya rikice, ki taɓa nan ya buɗe can. To ke kuwa yaushe hannunki yake bushewa? Daga wanke-wanke sai wanki, daga tankaɗe sai kwaɓin ƙosai, daga suyar awara sai matsar ƙuli. Ƙarama kuwa ko da gefen ɗan yatsa kika danna ta ɗauka. Ta faɗo daga kan turmi ta tarwatse gida uku, ki tattara ki haɗa ta ci gaba da aiki. Ƙurar hunturu ba ta dame ta ba, zafin bazara bai dame ta ba. Ki shafa lamba 5 a jikin yawancinsu za ki ji ɗan tudu, an yi shi ne don mai raunin gani ya lalubi sauran lambobin ko a cikin duhu. Shi ya sa iyayenmu da kakanninmu suke iya kira da ita ba sai sun nemi jika ba. Ga rediyo a ciki ba data, ga tocila, ga gidan memori na karatu da wa'azi.

In kuma kina son shaida ta zahiri, tuna farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane suka kwana a layin banki, masu POS suka tsuga kuɗin cira. Mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane. A wannan lokaci mata da yawa da 'yar ƙaramar nan suka yi ciniki, a danna sta, a sa lambar banki, a rufe da hash, kuɗi ya tafi, ba data ba komai. Wadda ake wa dariya ita ta fitar da gidaje kunya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kai, ko mutanen birnin da muke kwaikwayo fa? Je ki Kano ki gani. Saboda masifar ƙwacen waya, mutum da babbar wayarsa mai tsada sai ya bar ta a gida ko ya tura ta can ƙasan jaka, ya fito da 'yar ƙarama ita ce ta amsa kira a titi da cikin adaidaita. Manyan 'yan kasuwa da ma'aikata waya biyu suke riƙewa. Wato su da suka ƙoshi da babbar sun koma neman ƙarama, mu kuma muna jin kunyarta.

A BA KOWA HAƘƘINSA

Kada wata ta ce na tsani babbar waya. Wallahi ban tsane ta ba, kuma duk wanda ya ce ba ta da amfani ya faɗi son ransa. Abu ɗaya ma ya isa a yaba mata, wato saƙon murya da WhatsApp ya kawo a 2013. Matar da ba ta yi boko ba, wadda a da sai ta nemi mai rubuta mata teks ya ji sirrinta, yanzu sai ta danna ta faɗi abin da ke ranta da bakinta, 'yarta da ke aure a Kaduna ko ɗanta da ke neman kuɗi a Legas ya ji muryarta, har ta ga fuskar jikanta. Wannan ƙaramar waya ba ta iya shi. Akwai mata a Gumel da Haɗeja da Dutse da suke sayar da turaren wuta da humra da atamfa da zannuwan gado daga cikin ɗakinsu, hoto kawai suke ɗorawa ciniki ya zo. Mai ɗinki tana ganin sabon yayi, mai girki tana koyon sabon abu. 'Yar makarantar da za ta rubuta JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita ta kwamfuta gaba ɗaya, ko ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Gumel, tana bukatar ta saba da irin waɗannan na'urori, hana ta cutarwa ne. Littattafan da a da muke haya muna karɓa-karɓa, yanzu da yawansu a waya ake karanta su.

Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da kayan aiki ya zama ma'aunin daraja. Keken ɗinki abu ne mai amfani, amma ba mu taɓa jin an yi wa mace dariya a gidan biki don ba ta da shi ba. To don me waya?

ABIN DA KUNYAR NAN TAKE CI

Na san wata baiwar Allah a nan yankinmu, tana da tunkiya biyu da akuya, da su take rufa wa kanta asiri, in sun haihu ta sayar ta yi wa yara kayan sallah ta ajiye na kayan ɗakin 'yarta. Facalolinta suka sa ta a gaba da habaici, ita kaɗai ce ba ta cikin zauren hirar dangi. Ta kwance tumakin nan biyu aka kai kasuwa aka sayo waya. Wata huɗu yaro ya jefa ta cikin bokitin wanki. Yau ba waya ba tumaki. Tunkiya tana haihuwa 'yar uwa, waya kuwa tun ranar da aka ɓare ta daga kwali darajarta take raguwa.

Wata kuma kwasar adashinta za ta yi, kuɗin da ta yi niyyar ƙara jarin ƙuli. Wata bashi za ta ci, irin wanda ake ba ka waya kana biya kaɗan-kaɗan, in ka yi jinkiri a kulle ta daga can ta zama marfin kwano, kuma in ka haɗa lissafi abin da ka biya ya fi kuɗinta nesa. Wata kuwa maigida za ta sa a gaba, ba barci ba kwanciyar hankali, don an saya wa matar maƙwabci ko an saya wa kishiya, mutum yana fama da kuɗin taki da na masara. Aure nawa ya yi tsami a kan wannan? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro ke ce 'yar budurwa. Babanki bai saya miki ba, ke ba sana'a ba, ga shi kin ƙudura sai kin riƙe. To wa zai saya? Saurayi. Shi kuwa saurayin da bai kawo ko gaisuwar iyaye ba ya ɗauki waya ta dubban nairori ya ba ki, kina tsammani sadaka ya yi? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Yau shi zai sa miki data, gobe ya ce turo hoto, jibi ya ce turo wanda ba mayafi. Ranar da kuka ɓata ya ce a ba shi wayarsa, ko ya riƙe hotonki ya zame miki wuƙa a wuya. Hoton da ya fita kuwa ba ya dawowa, ko kin goge naki yana wurin wani. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ba kwaɗayi ba wulaƙanci. Wallahi 'yar ƙaramar da babanki ya saya miki da guminsa ta fi miki daraja sau dubu a kan babbar da za ki riƙa ɓoyewa a ƙarƙashin katifa.

Ku ma iyaye mata da laifinku. 'Yarki ta shigo da wayar da kuɗinta ya fi abin da babanta ke samu a wata, ki kalla ki kau da kai, har ma ki ce ta ɗauke ki hoto. In ba ki tambaya yau ba, gobe mutanen gari za su tambaye ki.

TO MENE NE ABIN YI?

Kafin ki sayi babbar waya yi wa kanki tambaya uku. Ta farko, wane aiki zan yi da ita wanda ƙaramar ba ta yi? In amsar ita ce sana'a ko karatu ko ganin 'ya'ya da ke nesa, madalla. In amsar ita ce don su wance su gani, to ki ajiye kuɗinki. Ta biyu, wa zai ciyar da ita? In cinikin da za ta kawo zai biya datarta da cajinta har a samu rara, to ta zama jari. In daga kuɗin cefane za a riƙa yanka mata, ta zama kishiyar tukunya. Ta uku, in ta faɗi ta fashe gobe, zan iya ɗauka ba tare da na shiga bashi ba? In kin amsa ukun nan lafiya, saya, Allah Ya sa albarka. Amma ko kin saya kada ki yar da ƙaramar, ki bar layinki na kira da na banki a cikinta.

Kuma ko wacce iri kike riƙewa, ki kula da layinki, domin ɓarawon yanzu layin yake nema fiye da wayar. Ki sa a saka miki lambar sirri a kan layin kansa. In waya ta ɓace a sanar da banki da kamfanin layi a ranar, kada a kwana. Layinki ya zama da sunanki da lambarki ta NIN, tun da dai tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa su. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ki faɗa masa BVN ko lambar sirri ko lambar da aka turo miki, kashe wayarki, ɓarawo ne. Wannan bai bar mai babba ba bai bar mai ƙarama ba.

Ku kuma masu gida, in wannan ɗan littafi ya faɗo hannunku, kada ku ɗauki maganata ku mayar da ita sanda. Ban ce a hana mace babbar waya ba. In matarka tana da sana'ar da waya za ta ɗaga, ko 'yarka tana karatu, kuma kana da hali, saya mata da kanka ya fi a saya mata a waje. Wanda yake da biyu a aljihu yana kallon ƙwallo har tsakar dare, bai kamata ya ce ta mace ce kaɗai fitina ba.

Shin wata rana babbar za ta maye gurbin ƙaramar gaba ɗaya? Mai yiwuwa ne, zamani riga ne. Ranar da wuta ta zauna a Garin Ciroma kamar yadda rana ke fitowa, ko sola ta shiga kowane gida, ranar da sabis mai ƙarfi ya kai kowace ruga, ranar da kuɗin babbar waya da datarta suka sauko daidai aljihun mai sayar da ƙosai, to a ranar ƙaramar za ta tafi da kanta, ba sai an yi mata dariya ba, kamar yadda fitilar ƙwai ta tafi ba wanda ya kore ta. Amma wannan rana ba ta zo ba tukuna. Hadari ne muke hange a gabas, ruwan bai sauka ba, mai hankali kuwa ba ta zubar da na randarta.

Saboda haka 'yar uwa, gobe in kina cikin taro 'yar wayarki ta yi ƙara, fito da ita a gaban kowa ki amsa kiranki da ƙarfinki. Ba ki ci bashin kowa ba, ba ki roƙi kowa ba, akuyarki tana ɗaure a turke. Ke kuma mai babba, riƙe abarki ki ji daɗinta, amma ki kama bakinki, domin ba ki san abin da habaicinki zai sa wata ta aikata ba.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya rufa mana asiri, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.